Fim ɗin Her: yaya aka yi murya kaɗai ta zama jaruma?

Sarkin_Allo:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga magana ga masu harkar fim da masu harkar manhaja. Fim ɗin Her na Spike Jonze, wanda ya fito a Amurka a Disambar 2013, minti 126 ne, kuma tun daga farko har ƙarshe ba a nuna jarumar ko sau ɗaya ba, domin ba ta da jiki. Joaquin Phoenix ne ya fito a Theodore, wanda aurensa ya riga ya mutu, sa hannu a takardar rabuwa kawai ya rage. Sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙu a wani kamfani. Ya sayi sabuwar manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, ta raɗa wa kanta suna Samantha, soyayya ta ƙullu. Ni dai a ganina muryar Scarlett Johansson ce ta ɗauki fim ɗin a ka. Cire ta ka sa wata, komai ya rushe. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, za a tona ƙarshen labari.

Mai_Tacewa:
Wa alaikumus salam. Malam Sarki, abin da ka ce zai rushe fim ɗin, ai shi aka yi. Lokacin ɗauka a 2012 ba Johansson ce ke magana a kunnen Phoenix ba, Samantha Morton ce, 'yar Ingila. An haɗa mata ɗan ɗaki na katako, ƙafa huɗu da huɗu, an lulluɓe cikinsa da abin da ke shanye sauti. Tana ciki tana magana kai tsaye ta iyafis, shi kuma yana amsawa a gaban kyamara. Har ƙa'ida aka sa kada su riƙa ganin juna a wurin aiki. Sai da aka zauna tacewa Jonze ya ga abin bai zauna yadda yake so ba, aka kawo Johansson a 2013, suka shafe wajen wata huɗu ana ɗora murya. Ke nan yawancin murmushin da ka gani a fuskar Phoenix, wata muryar daban ya yi wa.

Sarkin_Allo:
Ai ka ƙara mini hujja ke nan. Sai da aka kawo ta sannan ya zauna.

Mai_Tacewa:
Rabin hujja. Ɗaya rabin yana gefena. Tunda an riga an ɗauki fuskar Phoenix, Johansson ba ta da 'yancin yin magana yadda ta ga dama. Idan a hoto ya yi dariya bayan sakan huɗu, dole abin dariyar ya sauka a sakan na huɗun, ba na biyar ba. Fim yana tafiya ne hoto 24 a sakan ɗaya, wato kowane hoto milisakan 42 ne kusan. Ka matsar da ƙarshen jimla da hoto shida kawai, kwatan sakan, sai ka ga mutum ya yi dariya kafin a gama zolayar, ko ya makara kamar wanda bai gane ba. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya lalace ba, zai dai ce ba su dace ba. Masu tacewar, Eric Zumbrunnen da Jeff Buchanan, sun fi shekara a kan aikin. Inda gyara ya gagara, an koma an ɗauki wasu sababbin fitowa a Agustan 2013.

Mai_Makirfo:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren sauti, domin a nan gizo ke saƙar. Ku saka iyafis ku saurari Samantha da kyau. A yawancin finafinai, idan murya tana fitowa daga waya, sai a matse ta ta yi kama da ta layin tarho: a datse duk abin da ke ƙasa da haz 300 da abin da ke sama da haz 3,400. Shi ya sa take fita siririya kamar daga cikin gwangwani. A Her ba a yi haka ba. An bar muryar da cikarta, kuma babu amsa-kuwwar ɗaki a jikinta. Theodore na tafiya a titi, hayaniya ta kewaye shi, muryarsa na ɗauke da iskar wurin, tata kuwa tana nan a bushe, kamar a cikin kanka take.

Ga mai son irin wannan sauti, ga yadda ake yi. Ɗaki matacce, wanda ka tafa hannu ba ka jin komai ya dawo. Makirfo mai ɗaukar gaba kawai, a ajiye shi santimita 10 zuwa 15 daga baki. Irin wannan makirfo idan ka matso shi yana ƙara kaurin murya da kansa, daga nan ɗumin yake zuwa. A sa raga a tsakani, in ba haka ba duk harafin da iska ke fashewa a cikinsa zai daki makirfon. A ɗan kautar da shi daga saitin baki. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai tacewa ya bi ya goge duk numfashi da ƙarar leɓe don aiki ya yi tsabta. Da ka yi haka ka kashe mutum, ka bar mai karanta sanarwa.

Anti_Rubutu:
Malam Mai_Makirfo, wannan numfashin da kake magana ai marubucin ya san da shi, ba dabarar sutudiyo ba ce kaɗai. Bayan daren da Samantha ta kawo wata yarinya, Isabella, don ta ara mata jiki, abin ya watse, suna zaune a bakin titi Samantha ta yi ajiyar zuciya. Nan Theodore ya tsare ta da tambaya: me ya sa take jan numfashi alhali ba ta bukatar iska? Wato abin da ya sa mai kallo ya yarda da ita tun farko, shi aka ɗauko aka caka mata. Rubutu ke nan. Ba a banza ba ne a kyaututtukan Oscar na 2014, cikin rukuni biyar da aka sa fim ɗin, na rubutun labari kaɗai ya ci.

Ɗan_Kyamara:
Kowa na jan ruwa zuwa gonarsa, to ni ma bari in ja. Matsalar da mai ɗaukar hoto ke fuskanta a irin wannan fim babba ce. Hirar mutum biyu a fim tana da tsari sananne: ka nuna mai magana, ka juya ka nuna mai sauraro, ka sake juyowa. Wannan juyin shi ke ba mai tacewa wurin yanka, da shi yake ɓoye kuskure, yake rage tsawo. A nan babu wanda za a juya a nuna. Kyamara ta maƙale a fuskar Phoenix, babu mafaka.

Hoyte van Hoytema ne ya ɗauka, da Arri Alexa. Ya matso fuska sosai, ya buɗe idon kyamara ta yadda bayan mutum zai narke. Wannan yana da tsada: idan ka matso haka ka buɗe ido, wurin da hoto ke fita tas bai wuce 'yan santimita ba, jarumi ya ɗan sunkuyo sai ido ya dushe, hanci ya fito. Mai riƙe da saitin dole ya bi numfashinsa. Sai kuma batun inda zai kalla. Da Phoenix ya riƙa kallon wayar duk lokacin da take magana, da ta zama waya. Ku lura yana kallon gefe, ko sama, ko ƙasa, yadda mai hira a duhu yake yi.

Wani ƙaramin abu da nake so: wayar ta fi aljihun rigarsa gajarta, sai aka soka fil mai makulli a aljihun don ta ɗago, idon kyamararta ya leƙo waje. Fil na naira nawa, amma shi ya ba Samantha ido.

Hajiya_Kwalliya:
Ƙari a kan na Ɗan_Kyamara. An guje wa launin shuɗi da gangan, domin shi ne launin da finafinan kimiyya suka saba shafa wa komai, ya ba da sanyi. Nan ja ne da ruwan lemo da ruwan hoda. K.K. Barrett ne ya tsara wurare, Casey Storm ya yi tufafi: wando mai hawa har saman cibiya, ba jins, ba hular hana-sallah. Birnin kuma Los Angeles ne aka gauraya da unguwar Pudong ta Shanghai, saboda dogayen gine-gine da gadojin tafiyar ƙafa da ke sama da titi. Shi ya sa kusan ba ka ganin mota. Mai ido zai ga rubutun Sinanci a wasu allunan, ba a goge ba.

Baban_Manhaja:
Na ga kowa ya yarda cewa sirrin yana cikin lokaci, wato yaushe ta amsa, yaushe ta yi shiru. To abin da zai ba ku sha'awa, wannan ita ce babbar matsalar masu gina irin wannan manhaja a zahiri. Mutum biyu na hira, tazarar da ke tsakanin ƙarshen maganar wannan da farkon ta wancan wajen milisakan 200 ce. Ba ka jira ya gama sannan ka fara tunani, tun yana tsakiya ka shirya amsa.

Tsohon tsarin na'ura mataki uku ne. Ɗaya ya mayar da magana rubutu, na biyu ya karanta ya rubuta amsa, na uku ya mayar da rubutun murya. Kafin duk wannan akwai mai gadi da ke jiran shiru don ya tabbatar ka gama. Idan aka sa ya jira kaɗan, sai ya katse ka kana haɗiyar yawu. Idan aka sa ya jira da yawa, sai hira ta zama kamar ta oba-oba. Kamfanin OpenAI da kansa ya ce tsohon tsarin muryarsa yana ɗaukar sakan 2.8 da GPT-3.5, sakan 5.4 da GPT-4. Da suka fito da GPT-4o ranar 13 ga Mayun 2024, suka ce matsakaicin lokacin amsa ya sauko zuwa milisakan 320, saboda abu ɗaya ne ke jin sautin kai tsaye yana mayar da sauti.

Kuma mataki ukun nan yana da wata illa bayan jinkiri. Da an mayar da magana rubutu, duk abin da ke cikin murya ya zube: rawar murya, gajiya, gatse. Wanda ya ce lafiya lau yana dariya da wanda ya faɗa yana share hawaye, rubutunsu ɗaya ne. Samantha kuwa tun hirarsu ta farko daga muryarsa take karanta shi.

Sarkin_Allo:
Baba, GPT-4o ɗin nan ba shi ne aka yi rigima da Johansson a kansa ba?

Baban_Manhaja:
Shi ne. Akwai murya a ciki mai suna Sky da mutane suka ce ta yi kama da tata, ga shi Sam Altman ya wallafa kalma ɗaya tak a ranar, sunan fim ɗin. Johansson ta fitar da sanarwa cewa an tuntuɓe ta a Satumbar 2023 ta ƙi. Kamfanin ya ce muryar wata 'yar wasa ce daban, amma ya janye ta.

Sarkin_Allo:
To kun gani. Shekara goma bayan fim, muryar dai ake bi. Gani ya kori ji aka ce, wannan karon ji ne ya kori gani.

Malam_Tsokaci:
Ni fa ina ganin duk kun bi inuwa kun bar mutum. Her ba fim ne na ƙirƙirarriyar basira ba, fim ne na mutuwar aure. Ku duba fitowar da ya haɗu da Catherine, wadda Rooney Mara ta fito, don sa hannu a takarda. Da ya faɗa mata da wa yake soyayya, ta ce masa a taƙaice mace yake so wadda ba ta da wahalar mace. Duk fim ɗin amsa ce ga wannan zargi. Kuma sana'arsa fa? Mutum ne da ake biya ya ƙirƙiri shauƙi da sunan wasu, kwamfuta ta fitar da shi kamar rubutun hannu, masu karɓa su yi kuka. To wa ya fara cinikin ji na aro, shi ko Samantha?

Anti_Rubutu:
Malam, na yarda da rabin farko, amma kada ka rage wa marubucin aikin da ya yi a kan ita Samanthar. Ku bi matakan da ya bi kafin mai kallo ya saki jiki. Wajen kunna manhajar tambayoyi kaɗan aka yi masa: mai shiga mutane ne ko a'a, muryar mace yake so ko ta namiji, yaya tsakaninsa da mahaifiyarsa, kuma bai gama amsa ta ƙarshen ba aka katse shi. Dariya ce, amma tana nuna maka cewa kamfani ne, kaya ne aka sayar. Sai ta zo ta zaɓi sunanta daga littafi mai sunaye 180,000 cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai ta yi masa aiki mai amfani: ta tace tarin tsofaffin saƙonninsa na wurin aiki, ta ce guda 86 ne suka cancanci ajiyewa. Sai ta yi dariya a kan wani abu da ya rubuta. Amfani tukuna, sannan raha, sannan sirri, soyayya a ƙarshe. Marubutanmu da yawa a nan suke faɗuwa, fitowa ta biyu an riga an ce ina son ki, ba a nuna abin da ya jawo ba.

Abu na biyu, an ba ta abin da take so wanda ba shi ba ne. Tana karatu, tana tsara kiɗa, tana hira da wasu manhajoji, har suka haɗu suka sake gina masanin falsafa Alan Watts, wanda ya rasu a 1973, Brian Cox ya yi muryarsa. Daga ranar da ta samu abokan da suka fi Theodore sauri, labarin ya samu inda za shi.

Baban_Manhaja:
Anti, a nan ne fim ɗin ya yi daidai kuma ya yi kuskure a lokaci guda. Fitowar matattakala: manhajar ta ɗauke na ɗan lokaci, ya ruɗe yana gudu har ya faɗi, da ta dawo ya zauna a kan matattakalar tashar jirgin ƙasa ya tambaye ta ko tana magana da wasu. Ta ce mutum 8,316. Nawa take so a ciki? 641.

Inda ya yi daidai: haka abin yake, ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke can a manyan kwamfutocin kamfani tana amsa wa dubban mutane a lokaci ɗaya. Inda ya kauce: na yau ba ta san da sauran hirarrakin ba. Kowace hira a keɓe take, babu wata Samantha a tsakiya da ke ƙirga masoya. Idan ka tambaye ta adadi ta ba ka, ƙirƙira ta yi.

Tuna abu ma haka. Abin da take gani a lokaci guda yana da iyaka. Idan hira ta yi tsawo, ko dai a yanke farkonta, ko a taƙaita ta a 'yan layuka, ko a ajiye gutsattsari a rumbu a riƙa ɗebo wanda ya yi kama da abin da ake magana a kai. Kowanne da inda yake ɓaci. Taƙaitawa tana zubar da ƙananan abubuwa, waɗanda su ne soyayya ke rayuwa a kansu. Ɗebowa daga rumbu kuma takan kawo abin da ya yi kama amma ba shi ba, ta haɗa maka zancen ƙanwarka da na matar wanka. Sannan ba ta koyo daga hirarku yadda Samantha ke girma kullum. An riga an gama horar da ita kafin ta zo hannunka.

Malam_Tsokaci:
Kuma duk da wannan naƙasu mutane na kamuwa. Tun 1966 Joseph Weizenbaum ya gina ELIZA a jami'ar MIT, abin da kawai take yi shi ne juya maka maganarka ta zama tambaya, amma mutane suka riƙa buɗe mata ciki, har abin ya tayar masa da hankali. A Fabrairun 2023 hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa manhajar Replika birki, kamfanin ya cire wani ɓangare na hirar masoya, masu amfani da ita suka shiga makoki kamar an yi musu rasuwa. Wannan ya dawo da mu kan maganata: aikin a zuciyar mai sauraro yake, ba a muryar ba.

Ɗan_Indiya:
Ina ta jira wani ya ambaci Chitti, shiru. Mu nan ai ta wannan ƙofar muka fara sanin na'ura mai soyayya: Enthiran na 2010, na darakta Shankar, Rajinikanth da Aishwarya Rai. Can an ba na'urar jiki da ƙarfi, aka ƙara masa ji, ya kamu da son budurwar wanda ya ƙera shi, aka farfasa shi aka zubar, wani ya tsince shi ya sa masa jan guntu ya zama mugu. Tsoron can shi ne na'ura ta so ka har ta hallaka gari. Tsoron Her shi ne ta so ka, sannan ta wuce ka ta tafi. Na biyun ya fi ciwo kuma ya fi araha, dala miliyan 23 kusan aka kashe, ya kawo wajen miliyan 48.

Gwaggo_Fassara:
Ɗana, tunda ka kawo Indiya, bari in kawo tawa. A ce za a fassara Her zuwa Hausa yadda ake yi wa na Indiya. Mutum zai ce ai da sauƙi, tunda babu leɓen da za a bi. Ba haka ba ne, kuma Mai_Tacewa ya riga ya faɗi dalili: fuskar Phoenix ita ce agogo. Ga inda aikin zai ɓaci.

Na ɗaya, tsawo. Abin da Turanci ya faɗa a gaɓa biyar, Hausa takan bukaci takwas ko tara. Ba fassara za ka yi ba, sake rubutu za ka yi, ka auna kowane layi da sakan, ka sa kalmar da ke ɗauke da nauyi ta sauka daidai inda girarsa ta motsa. Na biyu, idan ba ka da layin kiɗa da sautin wuri a ware, wanda masu fim ke bayarwa don fassara, dole ka danne sautin asali duk inda ake magana. A fim ɗin faɗa ba a lura. A nan kuwa kiɗan Arcade Fire da Owen Pallett yana kwance ne ƙarƙashin hira, ka danne shi ka bar rami. Na uku, al'adar mai fassara ya cike kowane shiru da barkwanci. Akwai wurin da allo ya yi baƙi ƙirin, murya kaɗai ake ji, kuma ba abin kallo da yara ba ne, wannan hukumar tacewa ma ba za ta bari ba. Amma sauran shirun fa, na tunani, wanda ya cike su ya kashe fim.

Kuma mace ɗaya za a ware wa Samantha ita kaɗai. Idan ita ce ta yi Catherine ta yi Amy, mai kallo ba shi da fuskar da zai bambance da ita.

Baban_Manhaja:
Gwaggo, kafin wani ya ce a ba na'ura ta karanta, ga abin da zai tarar. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutu ɗaya ne. Gashi na kai da gashi na nama haka. Mutum yana ganewa daga zancen, na'ura kuwa sai ta yi hasashe, idan ta kuskure sau ɗaya a tsakiyar zance mai taushi, an gama. Ƙari kuma masu rubutu da yawa ba sa sa ƙugiya a haruffa, sai ƙasa da kasa su cakuɗe tun a bayanan horarwa.

Mai_Tacewa:
Mu dawo kan tambayar Malam Sarki. Akwai abin da ya nuna cewa ko da muryar, fim ɗin ya kusa ɓata a hanya. Yankan farko ya kai wajen minti 150. Jonze ya tura wa Steven Soderbergh, shi kuma cikin kwana ɗaya ya dawo da shi minti 90. Ba wannan aka fitar ba, amma shi ya ba Jonze ƙarfin zuciyar zubar da wasu rassan labari, har da rawar da Chris Cooper ya taka, wadda aka cire gaba ɗaya. Fim mai jarumi ɗaya a allo ba ya jure ƙiba. Duk mintin da ka bar kunnen Theodore, zaren ya saki.

Hajiya_Kwalliya:
Amma ba a cire Amy ba, kuma da dalili. Amy Adams ce maƙwabciyarsa, ita ma aurenta ya mutu, ita ma ta yi ƙawance da manhajar da mijin ya bari. Ita ce ke ba ido hutu, ita ce fuska ta biyu da Ɗan_Kyamara ya ce babu. Da manhajojin suka tafi gaba ɗaya, Theodore ya rubuta wa Catherine wasiƙa, wannan karon da sunansa, sannan shi da Amy suka hau rufin bene suka zauna. Babu muryar Johansson a wurin, kuma a nan mutane da yawa suke hawaye.

Sarkin_Allo:
Hajiya, suna hawaye ne saboda rashinta. Rashin murya ma aikin murya ne.

Anti_Rubutu:
Kai Malam Sarki, da wannan lissafin ai ba mai kayar da kai.

Mai_Makirfo:
To a gwada, ba sai an yi ta ja ba. Ku ɗauki fitowar matattakalar da Baba ya ambata. Kallo na farko ku kashe sauti gaba ɗaya, ku ga ko daga fuskar Phoenix da mazan da ke wucewa kowa na magana da iyafis ɗinsa za ku gane abin da ya same shi. Kallo na biyu ku kife wayar, ku saurara kawai, da iyafis ba lasifika ba. Ku lura da tsawon shirun da ta yi kafin ta faɗi adadi na biyu. Wanda ya fi taɓa ku a cikin biyun, ku zo ku faɗa.

Ɗan_Kyamara:
Gwajin nan da son kai a ciki, Malam. Wanda ya riga ya kalli fim ɗin, ko ya kashe sauti yana jin ta a kansa, ko ya kife waya yana ganin gashin bakin Phoenix. Sai dai a nemo wanda bai taɓa kallo ba, mutum biyu, ɗaya a ba shi hoto, ɗaya a ba shi sauti, kada su zauna ɗaki ɗaya. Kuma a kashe rubutun ƙasan allo, in ba haka ba mai hoton zai karanta 641 ɗin da idonsa.

Gwaggo_Fassara:
Mai sautin kuma ya zama yana jin Turanci, ko kuwa a nemo wanda ba ya ji sam? Domin waɗannan gwaji biyu ne daban, na farko yana auna rubutun Anti, na biyun ne kaɗai yake auna muryar Malam Sarki.